A Kan Wa Ake Koyon Aski? Tarihin Aska Daga Madina Zuwa Zangunanmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masallata da ɗalibanmu na makaranta: Larabawa suna da wani tsohon karin magana da suke jefa wa mutumin da ya shiga aikin da bai iya ba. Sukan ce yana koyon aski a kan marayu. Dalili kuwa, maraya ba shi da uban da zai zo ya tsaya ya ce wa ya yanki ɗana. Mu ma Hausawa muna da namu, da muke cewa wanzami ba ya son jarfa. Duka biyun suna nuni ga abu guda: mai riƙe da aska ya san zafinta, kuma ya fi son zafin ya faɗa a kan wani.

To, aska dai ba a haihuwar mutum da iya ta. Dole a koya, kuma dole hannun ɗan koyo ya kuskure. Tambayar da kowace al'umma ta yi fama da ita ita ce: kuskuren nan a kan wa zai faɗa? Abin da za mu bi tarihinsa ke nan a wannan fitowa, domin tambayar ta dawo mana har cikin tsakar gidan makarantunmu.

Aska a zamanin Manzon Allah

Aska ta daɗe a duniya. A kaburburan Misirawan farko an tono asake na tagulla waɗanda suka shekara dubbai kafin Annabi Isa (AS). Da Musulunci ya zo, ya tarar da Larabawa suna da askarsu, suna kiranta "musa", mai aski kuma "hallaƙ", mai yin ƙaho "hajjam". Abin da addini ya ƙara shi ne ya shigar da aska cikin ibada. Jariri ana aske masa kai ran bakwai, a yi sadaka da nauyin gashin a azurfa ko zinariya, kamar yadda ɗalibanmu suka karanta a Risala. Mahajjaci yana fita daga harami da aski ko saisaye, kuma Manzon Allah (SAW) ya yi wa masu aski addu'a sau uku kafin ya yi wa masu saisaye sau ɗaya. An kuma iyakance mana kwana 40 da kada mu wuce ba mu rage gashin baki da farce ba, ba mu kawar da gashin hammata da na mara ba. Gemu kuwa umarni ya zo a bar shi. Shi ya sa askin da muka gada na kai ne da gyaran fuska.

Malaman tarihi ba su manta da sunayen waɗanda suka ɗora aska a kan Manzon Allah (SAW) ba. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira (628 Miladiyya), lokacin da Ƙuraishawa suka hana Musulmi shiga Makka, sahabbai suka cika da baƙin ciki har suka yi nauyin jiki wajen yanka hadaya da aski. Uwar Muminai Ummu Salama (RA) ta ba da shawarar ya fita kada ya yi wa kowa magana, ya yanka nasa, ya kira mai askinsa. Mai askin nan shi ne Khirash bin Umayya, mutumin Khuza'a. Da sahabbai suka ga haka sai suka tashi suna yi wa juna aski, kuma ruwayar Bukhari ta nuna saboda ɓacin ran da suke ciki kamar za su ji wa juna ciwo. Ku lura da wannan, ɗalibai: aska ba ta son hannun mai fushi.

A Hajjin Bankwana kuma, shekara ta 10 bayan Hijira, Ma'amar bin Abdullahi, mutumin Banu Adiy, shi ne ya yi askin a Mina. An fara da ɓangaren dama, sannan hagu, aka ba Abu Ɗalha (RA) gashin, aka raba wa jama'a. A Musnad na Imamu Ahmad an ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya dubi fuskar Ma'amar ya tuna masa cewa ga shi an sakar masa gefen kunnen Manzo alhali aska tana hannunsa, shi kuma ya amsa da cewa wannan ni'imar Allah ce a gare shi. Duk wanda ya taɓa zama gaban wanzami ya sunkuyar da kai ya gane maganar nan. Sarki ma idan ya zo aski sai ya cire rawani ya miƙa wuya.

Akwai kuma labarin Khubaib bin Adiy (RA), wanda aka yaudara a Raji'i a shekara ta 4 bayan Hijira, aka sayar da shi ga mutanen Makka don su kashe shi. Yana tsare, ya san ranarsa ta zo, sai ya ari aska wajen wata mata ta gidan domin ya tsabtace jikinsa. Matar ta shagala, ɗanta ƙarami ya tafi wurinsa. Ta waiwayo ta ga yaron a kan cinyarsa, aska a hannunsa, ta firgita. Ya kwantar mata da hankali cewa ba zai taɓa aikata haka ba. Daga baya ita da kanta take ba da shaidar cewa ba ta taɓa ganin kamamme mafi alheri kamarsa ba. Mutum ne da ake shirin kashewa, ga makami a hannu, ga ɗan maƙiyansa a cinya, amma amanar aska ta riƙe shi.

Game da marayun da karin maganar Larabawa ya ambata kuwa, ga abin da ya faru a Madina. Da Ja'afar bin Abi Ɗalib (RA) ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya bar iyalinsa kwana uku, sannan ya je ya sa aka kawo masa 'ya'yan, ya aika aka kira mai aski ya aske musu kai. Shi da kansa ya tsaya a matsayin uba, ya kira mai sana'ar.

Yadda muhtasibi yake gwada hannu

Da birane suka bunƙasa, aski ya koma sana'ar kasuwa da gidajen wanka, sai hukuma ta shigo. Muhtasibi shi ne jami'in da ke duba mudu da sikeli da masu sana'a. Wani malamin Sham mai suna Abdurrahman ash-Shaizari, wanda ya rayu a ƙarni na 6 na Hijira, zamanin Salahuddin, ya rubuta wa muhtasibai littafi mai suna Nihayatur Rutba. A ciki ya zayyana sharuɗɗan mai aski: ya zama mai sauƙin hannu wanda ya san aikin, ƙarfensa ya zama mai kaifi, kada ya tunkari gashi ta inda ya saɓa wa kwanciyarsa, kuma a ranar aikinsa kada ya ci albasa ko tafarnuwa don kada ya cutar da mutane da warin baki.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda ya ce a gwada mai ƙaho. A manna takarda a kan tubali, a ce ya tsattsaga ta da askarsa. Idan tsagar ta huda takardar ta kai ga tubalin, hannunsa ya yi nauyi, bai cancanci ya taɓa fatar mutum ba. Mai son koyon tsaga jijiya don fitar da jini kuma, ya ce ya daɗe yana gwaji a kan jijiyoyin ganyen silƙi, wani ganye mai faɗi dangin alayyafo, har hannunsa ya daidaita. Ibnul Ukhuwwa na Masar, wanda ya rasu a 1329, ya maimaita irin waɗannan ƙa'idoji a littafinsa. Kun ga amsar da malaman hisba suka bayar ke nan: kuskuren ɗan koyo ya faɗa a kan takarda da ganye kafin a ba shi ɗan Adam.

Zabira kafin aska

A ƙasar Hausa amsar ta zo ta wata hanya, wato gado da daɗewa. Wanzanci sana'ar gida ce, mai sarautarta, Sarkin Aska, wanda yake shari'a tsakanin wanzamai, kuma shi ake kai wa ƙara idan wani ya yi ɓarna. Aikin wanzami ya wuce aski: akwai ƙaho, kaciya, tsagar gado, jarfa, sakiya, da askin jariri ran suna. Kowace unguwa ta san wanzaminta, kowane gida ya san wanzamin da ya yi wa kakansa aski.

Yaron wanzami ba ya fara da aska. Yana fara da rataya zabira yana bin mahaifinsa ko maigidansa daga zaure zuwa zaure, daga gidan suna zuwa rumfar kasuwa. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke jiƙa kai yana murzawa har gashi ya yi laushi, shi ke share gashin da ya zuba. Daga nan a sake masa dutsen washi. Sai ya iya wasa aska har ta ɗauke gashin hannunsa ba tare da ya danna ba, sannan a fara maganar kai. Ko an fara ma, maigida yana zaune a gefe, kuma shi ke karɓar askar idan an zo wuraren da suke da wuya, bayan kunne da ƙeya da gaban goshi. Ai kun san Bahaushe ya ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Kaciya da askin jariri kuwa sai bayan shekaru, don kan jariri yana da maɗiga, wurin da ƙashi bai gama haɗewa ba.

Abin da ake koya wa yaron bai sauya ba tun zamanin Shaizari. A jiƙa gashi sosai da ruwa da sabulu. A ja fata da yatsun hannun hagu ta miƙe, don aska tana kama fatar da ta tattare. A kwantar da askar, kada a tsayar da ita a tsaye kamar mai kankare tukunya, kuma kada a danna. Nauyinta ya isa. A bi kwanciyar gashi da ja gajere-gajere. Babban haɗari shi ne a goga bakin askar ta tsawonsa, kamar yadda ake yanka nama. Nan take take tsaga fata. Idan ana wasawa a dutse baki ne ke gaba, idan ana gogawa a fata bayan askar ne ke gaba, kuma ta bayanta ake juya ta don kada bakin ya lanƙwashe. An gama a wanke, a busar, a shafa mai saboda tsatsa. Tsofaffi sukan ce dakusasshiyar aska ta fi mai kaifi yanka mutum, kuma gaskiya ne, don ita ce ke sa a danna.

Zabirar nan ta biyo ayarin fataken goro zuwa Gwanja. Duk inda fatake suka yada zango, ana bukatar liman, ana bukatar mahauci, ana bukatar wanzami. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, mazaunanta suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da garuruwan bakin teku, kowa da sana'arsa. Mutanen Asante a da kaciya ba al'adarsu ba ce. Da suka karɓe ta, wanzaman zango suka nema. Shi ya sa yau a Gana ko wanda bai ji Hausa ba ya san kalmar "wanzam". Zabarmawa da Barebari ma da wannan suna suke kiran mai sana'ar. Kuma kada ɗalibi ya raina ta. Manzon Allah (SAW) ya biya Abu Ɗaiba ladan ƙaho, ya kuma umarci Banu Bayada su yi auratayya da Abu Hind, shi ma mai ƙaho ne.

Yadda Turawa suka raba mutum da wanzami

A ƙasashen Turai ma mai aski shi ne mai cire haƙori da fitar da jini. A Landan an haɗa masu aski da masu fiɗa a ƙungiya ɗaya a 1540, sai a 1745 aka raba su. A wajajen 1740 wani mai gyaran agogo, Benjamin Huntsman, ya gano hanyar narka ƙarfe mai tsabta a yankin Shefild na Ingila, kuma daga irin wannan ƙarfe aka riƙa ƙera asake masu naɗewa cikin mariƙinsu, waɗanda suke daɗewa ba su dakushe ba. Solingen ta Jamus ita ma ta yi suna da su.

Da aska mai kyau ta samu, sai wani maƙerin wuƙaƙe na Faris, Jean-Jacques Perret, ya fitar da littafi a 1769 yana koya wa mutum yadda zai yi wa kansa aski. Daga cikin dalilansa akwai tsoron cututtukan da ake ɗauka a kayan mai aski da ya taɓa fuskoki da yawa. Amsarsa ga tambayarmu ita ce kowa ya koya a fuskarsa, in ya yanke, kansa ya yanka.

Wani Ba'amurke mai talla, King Camp Gillette, shi ne ya zo da amsar da ta kusa kashe sana'ar. Ya ce a yi siririn ƙarfe mai baki biyu, a ɗaura shi cikin mariƙi mai kariya, in ya dakushe a yar a sayi wani. Ba washi, ba fata, ba shekarun koyo. Kamfaninsa ya fara a 1901. A 1903 mariƙi 51 da reza 168 kawai ya sayar. Amma da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, aka raba wa sojoji miliyoyin wannan kaya, suka koma gida da al'adar. Rezar da yaro yake sayowa a tebur ɗin bakin masallaci jikanyar waccan ce. Kilifa ma ta zo, ta hannu sannan ta lantarki, shagunan aski suka cika unguwanni, zabira ta ja baya.

Inda muka tsinci kanmu

To, ga inda matsalar take. Reza ta yi araha har ta faɗa hannun kowa, amma tarbiyyar zabira ba ta biyo ta ba. A makarantunmu na allo da na kwana, ranar Alhamis sai ka ga babban ɗalibi ya jera ƙanana, reza ɗaya tsirara a hannunsa, ya bi kawuna biyar ko goma. Babu wanda ya koya masa jan fata, babu maigidan da ke zaune a gefe. Su waye ƙananan nan? Yaran da iyayensu suke nesa ne, wasunsu marayu ne na haƙiƙa. Wallahi karin maganar Larabawa ta sauka a tsakar gidanmu.

Kuma yanzu mun san abin da magabata ba su sani ba. Makero da ƙora da muke gani a kawunan yara su ne ƙaramin abin. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7, kuma ɗigon da ido bai gani ba ya isa. Nau'in C ma ta jini yake bi, haka ƙanjamau, wadda aka fara ganin masu ita a Gana a 1986. Goge aska a tafin hannu ko a tsumma ba ya kashe waɗannan. An shigar da rigakafin ciwon hanta B cikin alluran jarirai a Gana a 2002, wato duk wanda aka haifa kafin nan bai same ta yana jariri ba, kuma yawancin iyaye da malamai a cikin wannan rukuni suke. Hukumomin Saudiyya ma saboda haka suke gargaɗin alhazai kowace shekara su je wa masu aski masu lasisi da ke amfani da reza sau ɗaya, su guji masu tare mutane a hanyar Jamrat.

Ƙa'idar shari'a a bayyane take, cewa ba a cutarwa kuma ba a ramuwa da cutarwa. Malaman fiƙihu sun kuma yi bayani cewa wanda ya shiga aikin magani ko kaciya bai iya ba, ya yi ɓarna, to zai lamunce. Don haka abin da muke roƙo kaɗan ne. Malamin makaranta ya sa ido: kai ɗaya, reza ɗaya, an gama a jefa ta cikin gwangwani mai murfi inda yara ba za su tsinta ba. Uban jariri ya sayi sabuwa ran suna, a buɗe ta a gabansa. Wanzamin kirki ba zai ji haushi ba. Akwai asake na zamani masu siffar ta gargajiya waɗanda ake zura musu rabin reza a sauya bayan kowane kai, kuma wanzamai da yawa sun koma kansu. Wanda ya riƙe askar gado, ya wanke ta da sabulu ya tafasa ta tsakanin mutum da mutum. Alhajin da zai tafi, ya sa rezarsa a jakar kaya, kuma kada 'yan ɗaki ɗaya su yi karɓa-karɓa da ita don neman sauƙi.

Ɗalibin da yake son ya iya aski kuwa, muna ƙarfafa shi, sana'a ce ta halal mai rufin asiri. Amma ya bi ƙofa. Har yanzu akwai dattawan wanzamai a zangunanmu, wasunsu a sahun farko suke salla tare da mu, kuma da yawansu 'ya'yansu sun kama wasu ayyukan, zabira na rataye. Ya je ya gaishe su, ya ɗauki ruwa, ya koyi washi, ya gwada hannunsa a bayan ƙwarya da gashin damtsensa, sannan ya fara da babban mutum da ya yarda da bakinsa, maigida yana kallo. Kan ƙaramin yaro shi ne na ƙarshe da za a ba shi.

Allah Ya jiƙan wanzamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya yi wa rayayyu albarka, Ya kare 'ya'yanmu da marayunmu daga cuta, Ya sa mu cikin masu riƙon amana. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh.